GAYAUNA A KAN BENE: SHAWARA GA JAMA'AR ZANGO TA VAULX-EN-VELIN

Ina roƙon ku aron kunne game da wata 'yar magana, wadda da jin ta wani zai yi dariya ya ce abin bai kai a ɓata masa takarda ba. Maganar kuwa ita ce shuka dankalin Turawa cikin bokiti ko buhu a barandar gida. Ra'ayina shi ne, kowane gida na jama'armu da ke nan Vaulx-en-Velin, in dai akwai yaro a cikinsa, ya kamata bana ya ajiye bokiti ɗaya na dankali, a ce wa yaron nasa ne, a sa wani babba ya riƙa nuna masa. Zan kawo dalilina, in amsa wa masu ƙi, sa'an nan in bayyana yadda a ke yi, don kada a ce na ba da shawara na bar mutane cikin duhu.

LISSAFI TUKUNA

Bari mu fara da kuɗi, tun da ya ke nan ne hankalin mai gida ya kan fara zuwa. Ba wanda ya manta tsadar da aka sha. A watan Maris na 1923 ba mu nan, amma a watan Maris na 2023 muna nan, sa'ad da ofishin ƙididdiga na Faransa ya nuna kuɗin abinci ya hau da kusan kashi 16 cikin 100 a shekara guda. Tun daga lokacin waɗansu su ke ta nuna wa juna hotuna a waya, ga wani Bature ya kifar da ganga ɗaya dankali ya zubo kamar an fasa rumbu, su ce ashe ga maganin tsada.

To, ni akawu ne, kuma lissafi ba ya jin kunyar kowa. Bokiti mai cin lita 30 ko 40, in an kula da shi sosai, abin da ya kan bayar kilo 1 ne zuwa kilo 2. Kilon dankali kuwa a kasuwar Mas du Taureau bai cika wuce Yuro 2 ba, sau da yawa ma bai kai ba. Buhun ƙasar shuka kaɗai ya fi haka tsada, ga kuɗin iri, ga ruwan wata uku. Faransa tana cikin manyan ƙasashen da ke noman dankali a Turai, tana sayar wa ƙasashen waje mai yawan gaske, sabo da haka ba yadda za a yi baranda ta yi gasa da gonakin arewacin ƙasar nan. Wanda ya shiga wannan aiki don neman riba, ya san tun yau faɗuwa zai yi a shekarar farko. Ribar da na ke nufi ta wani fanni ce.

ABIN DA A KE KIRA GAYAUNA

Dattawanmu sun san yadda tsarin noma ya ke a ƙasar Hausa. Akwai gandu, watau babbar gonar mai gida, inda kowa da kowa ke aiki tun safe har azahar. Sa'an nan akwai gayauna, 'yar gona ƙarama wadda mai gida ya kan yanka wa ɗansa ko ƙanensa, ya noma ta da yamma ko ran hutu, abin da ya samu nasa ne. Ba don gayauna za ta ciyar da gida a ke ba yaro ita ba. A nan ne ya ke koyon cewa abin da ka yi wa sakaci ya kan mutu, kuma ba mai yi maka ban ruwa in kai ka tafi wasa. A nan ne ya ke koyon jira, domin shuka ba ta jin gaggawa.

Yanzu ku dubi 'ya'yanmu. An haife su a asibiti, an kawo su hawa na shida ko na tara, daga gida sai makaranta, daga makaranta sai waya. Suna da ilmin da iyayensu ba su samu ba, madalla da wannan. Amma ka tambayi yaro ɗan shekara goma, shin dankalin da ya ke ci soyayye a kan itace ya ke nuna ko a cikin ƙasa, ka ji amsa. Ka ce masa iri, ko tsiro, ko taki, ko huɗa, ko girbi, ya tsaya yana kallonka. Kalmomin nan ba a koyon su a zaune, sai hannu na cikin ƙasa. Harshe kuwa ba rana ɗaya ya ke ɓacewa ba, kalma kalma ya ke zubewa, kuma waɗanda ba a aiki da su su ke fara tafiya.

A gefe guda kuma ga tsofaffinmu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin ƙarfi a masana'anta ko wurin gini, yau ya yi ritaya, yana zaune daga taga sai talabijin. Jikansa ya fi shi Faransanci, ya fi shi sanin takardun hukuma, har shi ke karanta masa wasiƙar asibiti. A hankali sai yaro ya ɗauka ba abin da tsoho ya sani wanda shi bai sani ba. Wannan ciwo ne babba, ko da ya ke ba a cika faɗinsa ba. To, ku ajiye bokitin ƙasa tsakanin su biyu, ku ga wanda zai koma malami. Tsohon da ya taɓa riƙe fartanya, da ya murza ƙasa a hannu ya san ko tana son ruwa. Kwana 90 yaro zai yi yana tambaya, tsoho yana ba shi amsa da Hausa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

MASU CEWA A'A

Na san wani zai ce, "Malam, mu mutanen zango fatake ne. Kakanninmu goro da shanu da tufafi su ka kai su Salaga da Kumasi da Lome, ba garma ba." Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Wane gida ne a zango ba a taɓa ganin kuɓewa ko rama ko barkono a bayan ɗaki ba? Iyayenmu mata ba su taɓa barin ruwan wanke-wanke ya tafi a banza ba. Birnin Kano kansa, uwar fatauci, sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shige shi a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. Mutanen da sun san birni ba ya zama lafiya sai da abin shuka kusa da shi.

Wani kuma zai ce, "Dankalin Turawa ai abincinsu ne, me ya haɗa mu da shi?" Sunan ne kawai ya ruɗe mu. Asalinsa daga duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, inda aka yi shekaru dubbai ana nomansa kafin jiragen Sifaniya su kawo shi Turai wajen shekarar 1570. Faransawa da yawa sun daɗe suna ƙyamarsa, suna cewa abincin dabbobi ne, har waɗansu na zargin yana kawo kuturta. Sai da wani mai haɗa magunguna na soja, Antoine Parmentier, wanda aka kama a yaƙi aka tsare shi a Jamus ya rayu da dankali, ya dawo ya tsaya tsayin daka. A 1772 malaman likitanci na Paris su ka yarda abinci ne mai kyau. A 1786 aka ba shi fili a Sablons, kusa da Paris, ya shuka. A kan ba da labari cewa an sa masu gadi da rana, da dare kuwa ba kowa, sai mutane su ka ce lalle abin nan mai daraja ne, su ka riƙa sata suna kaiwa gida. Yau akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai sunansa a Paris. Ashe dankali ma baƙo ne a nan kamar mu, ya zo aka raina shi, ya zauna har ya zama ɗan gari.

Can gida kuma ai mun daɗe da karɓarsa. Ana nomansa a tudun Jos, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. A Nijar ana nomansa a lambunan duwatsun Ayar, wajen Tabelot, da kuma Bonkuku ta ƙasar Filinge, a lokacin sanyi. Ba mai cewa manoman nan aikin Turawa su ke yi.

Na uku zai ce, "Nan birni ne, ba wurin noma ba." Wanda ya faɗi haka bai san garin da ya ke zaune ba. Kafin a gina dogayen benayen nan daga shekarar 1970, akwai manoma da masu lambu da yawa a Vaulx-en-Velin, su ke kai wa Lyon ganye. Har yanzu in ka bi ta Village ka nufi arewa za ka ga lambuna shimfiɗe, kuma kowace shekara ran 8 ga Disamba a kan yi bikin kardon, ganyen nan da garin ya yi suna da shi. Masana'antar silikin roba ta TASE, wadda ta fara aiki a 1925 aka rufe ta a 1980, ta gina wa waɗansu ma'aikatanta gidaje da 'yan lambuna, ma'aikatan kuwa da yawansu baƙi ne daga ƙasashe dabam dabam. Tun a 1896 wani limamin Kirista ɗan majalisa, Jules Lemire, ya kafa ƙungiyar samar wa ma'aikata 'yan filayen shuka, waɗanda daga 1952 a ke kira lambunan iyali. Watau abin da na ke kira a yi, al'adar garin ce, kuma al'adarmu ce.

YADDA A KE YI

Abu na farko iri. Kada a ɗauki dankalin cefane a shuka, domin sau da yawa an sa masa maganin hana tsiro, kuma yana iya ɗauke da cuta. A sayi na shuka a kantin kayan lambu, mai shuɗiyar takardar shaida a jikin ragarsa. A zaɓi mai saurin nuna, kamar Amandine ko Belle de Fontenay ko Sirtema. Charlotte ma tana yi, sai dai ta fi su ɗan jinkiri. Akwai kuma wani siriri mai daɗi da a ke kira Ratte, wanda ya daɗe a wannan yanki na Lyon, amma bai cika yawan 'ya'ya ba. Girman ƙwan kaza ya isa. Tun ƙarshen Fabrairu a jera su cikin kwalin ƙwai kusa da taga, wuri mai haske da sanyi-sanyi, idanunsu na duban sama. Bayan mako huɗu zuwa shida za su fid da tsiro gajere mai kauri. Tsiro fari dogo alamar duhu ne ya yi masa yawa, ba shi da ƙarfi.

Na biyu mazubi. Bokiti ko baho mai cin lita 30 zuwa 40, zurfinsa kamar santimita 40, ya isa. Buhun shinkafa mai kilo 25 wanda kowane gidanmu ke jefarwa shi ma yana yi, sai a naɗe bakinsa a riƙa warwarewa yayin da shuka ke tashi. Ko wanne aka ɗauka, a huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya fita. Kada a yi amfani da abin da aka taɓa zuba fenti ko man mota.

Na uku ƙasa. A sayi ta shuka a gauraya da ruɓaɓɓen taki, kamar kashi uku da kashi ɗaya. Kada a je a ɗebo ta gefen titi ko ta tsohon filin masana'anta, domin ƙasar wuraren nan ta sha abubuwa iri iri. Kun dai ji abin da ya bayyana a 2022 wajen Pierre-Bénite, kudu da Lyon, inda aka sami guba ta masana'antu a ƙasa da ruwa, har daga baya hukuma ta gargaɗi mutanen wurin kada su ci ƙwan kajin gidajensu. Wannan ma yana cikin amfanin bokiti, ka san ƙasar da ka zuba.

Lokacin shuka a nan daga ƙarshen Maris ne zuwa tsakiyar Afrilu. A zuba ƙasa santimita 15, a ɗora iri biyu, in bokitin babba ne uku, tsiro na sama, a rufe da ƙasa santimita 10. Kwaɗayin cusa iri biyar ko shida ba ya haifar da kome sai 'ya'ya ƙanana kamar gujiya. Sa'ad da ganye ya kai santimita 20, a ƙara ƙasa a bar kansa kawai a waje, a maimaita sau biyu ko uku har bokiti ya kusa cika. Wannan ita ce huɗar da manomi ke yi a gona, amfaninta kuwa ta rufe 'ya'yan kada haske ya taɓa su. Jaura tana ƙone ganyen dankali a dare ɗaya, kuma manoman ƙasar nan ba su kan saki jiki da sanyi ba sai an wuce 11 da 12 da 13 ga Mayu. In an ji daren zai yi sanyi ƙwarai, a lulluɓe shi da tsohon zane ko a shigo da shi.

Yana son rana kamar awa shida a yini, sabo da haka barandar da ke duban arewa ba za ta ba da abin kirki ba. Mai irin wannan baranda ya haɗa kai da maƙwabci. Ban ruwa kuwa, a sa yatsa cikin ƙasa, in an ji ta bushe a ba shi a gindi, ban da kan ganye. Ruwa ya yi yawa, dankali ya ruɓe.

Ga dalilin da ya sa na ce a zaɓi mai saurin nuna. Dankalin Turawa ba ya son zafi. In ƙasa ta ɗumama ta kai wajen digiri 30, sai ya daina yin 'ya'ya, shi ya sa can gida sai a kan tudu ko da hunturu a ke nomansa. Lyon kuwa ta koyi zafi. Ran 24 ga Agusta 2023 ma'aunin Bron, nan kusa da mu, ya nuna digiri 41.4. Baƙin bokiti a kan siminti ya fi haka zafi. Wanda ya shuka a farkon Afrilu zai tone a farkon Yuli, kafin babban zafi, kuma kafin masu zuwa ganin gida su ɗaure kaya. Da ganye ya fara rawaya a tsai da ruwa kamar mako guda, a shimfiɗa leda, a kifar da bokiti, a bar yaro ya tona da hannunsa.

ABIN DA ZA A YI HATTARA DA SHI

Dankalin da haske ya taɓa ya zama kore yana da guba, kada a ci. Haka ganyensa, haka kuma 'yan ƙananan 'ya'yan da ya kan yi a sama bayan fure, masu kama da ɗanyen tumatir. A tsinke su a zubar tun ƙananan yara ba su kai baki ba.

In an ga baƙin tabo yana yaɗuwa a ganye bayan kwanakin ruwa da ɗumi, cutar nan ce da Faransawa ke kira mildiyu. A yanke ganyen da ya kamu a sa a shara. Kada a raina ta, domin ita ce ta cinye dankalin ƙasar Ailan daga 1845, mutum wajen miliyan ɗaya su ka mutu da yunwa da cututtukan da ta jawo, sabo da talakawan ƙasar sun dogara ga abinci guda. Akwai kuma ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi, wanda aka fara gani a Faransa wajen Bordeaux a 1922. A bokiti ɗaya ba ya bukatar magani, a tsince shi da hannu, a duba bayan ganye a murje ƙwansa.

Sa'an nan haƙƙin maƙwabci. Bokiti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa abu ne mai nauyi. A ajiye shi a ƙasan baranda kusa da bango, kada a rataya shi a bayan ƙarfe inda zai iya faɗa wa mai wucewa, kada kuma a tara goma a wuri ɗaya. Matakala da hanyar fita ba wurin ajiya ba ne ko kaɗan. Kada ruwanka ya ɗiga kan shanyar na ƙasa da kai. Kada a bar ruwa ya kwana a farantin gindin bokiti, gama a nan sauron nan mai zane ke hayayyafa, ya kuwa riga ya zama ɗan gida a yankin Rhône. Kowa ya duba takardar dokokin gidan da ya ke haya, in akwai shakka ya tambayi mai kula da bene. Mu baƙi a kan gan mu tun daga nesa, laifin mutum ɗaya a kan shafa wa jama'a duka.

ROƘONA GA SHUGABANNI

Ina roƙon shugabannin jama'armu abu uku. Na ɗaya, a taron watan Fabrairu a rubuta sunayen gidajen da ke so, a tara kuɗi a sayi iri da ƙasa gaba ɗaya, domin ragar iri guda ta isa gida takwas ko goma, kuma sari ya fi sauƙi. Na biyu, kowane yaro a haɗa shi da dattijo ko dattijuwa, ko da ba jininsa ba ne, a kuma yi sharaɗi cewa a bakin bokiti Hausa za a yi. Na uku, a sa rana ɗaya a Yuli kowa ya kawo abin da ya samu, a auna a rubuta, iyayenmu mata su dafa a ci tare, wanda ya fi kowa a ba shi 'yar kyauta, wanda nasa ya ruɓe a tambaye shi dalili don na baya su ƙaru.

Akwai kuma abin da na ke hange gaba da wannan. Garin nan yana da lambunan iyali da na haɗin gwiwa, masu nema kuwa suna da yawa. In muka je ofishin magajin gari hannu sake muka ce a ba mu fili, za a ce mu rubuta suna mu jira. Amma in muka je da littafi, ga gida ashirin sun yi shekara biyu suna shuka, ga abin da su ka auna, ga yaran da su ka koya, to maganarmu za ta yi nauyi, domin gani ya kori ji. Ran da aka sami filin, sai a shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo, a kuma tayar da gayya yadda kakanni su ka yi.

Wanda ke da shawarar da ta fi wannan, ko dattijon da ya ga gyara cikin bayanin shukar, ya rubuto a buga a fitowa ta gaba, kowa ya amfana. Allah ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya raya mana zuriya.